Lasifikar Nu'uman

A gidan Alhaji Gwadabe mai nama, can unguwar Belleville a Abidjan, akwai kalmar da ba a faɗa ko da wasa: bashi. Mahauta da dillalan shanun Treichville kowa ya san kowa, kuma a wurinsu duk wanda aka ji yana ambaton bashi a bainar jama'a, to ya karye ne, yana neman wanda zai jingina wa. Shi ya sa da Lailatu, 'yar Alhaji, ta ga ƙanin mahaifinta, Baffa Tasi'u, ya shigo yana sharce gumi bai ko amsa gaisuwarta ba, ta ajiye tsintsiya ta laɓe bayan labule.

Shi aka ɗora wa binciken Nu'uman, ɗalibin jami'ar da iyayensa suka kawo goron neman aurenta. Yadda Baffa ke duba bijimi a kara haka ya duba yaron: tafiya, ido, har dunduniya. Bai samo aibi ba sai yau.

"Yaya, da kunnena," in ji shi. "Kusa da Mairie, ofishin magajin gari, a Adjamé, tsakar rana, da lasifika. Bashi, bashi, bashi. Da Faransanci, da Jula, har da Hausa, don kada wani ya ce bai ji ba."

Alhaji ya tambayi wa ke binsa. Baffa ya ce bai tsaya ji ba, amma bashin da aka saya wa lasifika ai ya wuce na mutum ɗaya. Nan take aka yanke: ranar Juma'a a mayar da goro.

Lailatu ta fito da hawaye, ta ce ba nasa ba ne, kira yake a mayar da jami'ar gwamnati kyauta, don kada ɗan talaka ya ci bashi kafin ya yi karatu. Alhaji ya dube ta sama da ƙasa.

"Mutum ya tsaya a rana saboda bashin wasu? Tun zuwana Abidjan ban ga irinsa ba."

Ta koma ɗaki, zargin ya bi ta. Me ya sa Nu'uman bai taɓa gayyatarta taron ba? Me yake faɗa da ba ya son ta ji? Ba ta kira shi ba, ba ta yi fushi ba. Ta dai roƙi mahaifinta abu guda: ya je ya saurara har ƙarshe.

Ya yarda, amma sai da ya sa baƙin tabarau, wai kada a gane shi, mutumin da rabin Adjamé ke cin namansa. Suka tsaya bayan wata mai soya aloko, wato soyayyar agada, Lailatu na yi masa tafinta.

Da Faransanci Nu'uman ke ba da labarin wata yarinya da ta ci bak, jarrabawar kammala sakandare, da makin da ya fi nasa. Likita take son zama. Mahaifinta ya ga kuɗin karatun sai da rance, ya ƙi, ita kuma ta naɗe takardunta ta zauna a gida.

Lailatu ta daina fassarawa: labarinta ne.

"Ci gaba mana," in ji Alhaji.

Ta kasa. Sai ga Nu'uman ya juya Hausa: "Ba na ganin laifin uban, mutuncinsa ya tsare. Amma don me za a sa uba ya zaɓa tsakanin mutuncinsa da ilimin 'yarsa?"

Alhaji ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa.

Ranar Juma'a goro bai bar gidan ba. Nu'uman aka kira ya durƙusa.

"Kai, 'yata ka sa a lasifika?"

"Ban faɗi suna ba, Baba."

"Da ka faɗa, da yanzu kana bin goronka a titi."

Alhaji ya sa ranar aure, ya ce zai sayar da bijimai biyu Lailatu ta koma karatu, ba rancen kowa. Baffa Tasi'u ya ce shi dama tun farko dunduniyar yaron ta kwanta masa.

Da Nu'uman ya yi alkawarin ajiye lasifikar don ya faranta wa Alhaji, sai Alhajin ya haɗe rai.

"Wa ya ce ka ajiye? Ni ina da shanun sayarwa. Waɗanda ba su da ko akuya fa?"

Haƙurin Lailatu ya ba ta miji da makaranta a rana ɗaya. Ku kuma da ake aika bincike, ku riƙa tsayawa mutum ya kai ƙarshen maganarsa.