Shinkafar Da Ta Kwana A Jaka

Akwai wani yaro a garin Kankiya. Yana aji shida a firamare. Yaro ne mai ƙoƙari, amma yana da zaɓen abinci. In ba girkin innarsa ba, sai ya yi ta yatsina fuska.

Yana da kawu mai suna Zulkifli, malamin makaranta a Kusada. Kawu Zulkifli mutum ne mai son ganin garuruwa. Duk hutu sai ya goya jakarsa ya kama hanya. Ba ya ɗaukar akwati. Riga biyu, darduma da gorar ruwa sun ishe shi.

Wata rana ana tsakiyar zafi, Kawu ya zo Kankiya. Ya ce da innar yaron, “Yaya, wannan hutun Nijar zan shiga. Ki ba ni ɗanki ya raka ni.”

Yaron ya yi tsalle. Bai taɓa wuce Katsina ba.

Baba ya yarda, Inna ma ta yarda. Aka saya masa ƙaramar jakar goyo.

Ranar tafiya, Inna ta tashi da wuri. Ta dafa shinkafa da miyar kifi, ta zuba a kula.

Ta ce, “Ku ci wannan yau da rana. Kada ta kwana, ka ji ko? Zafi ake yi, kifi ba ya jira.”

Ya ce, “Na ji, Inna.”

Suka hau mota zuwa Katsina. Daga can suka hau wata zuwa Jibiya. A Jibiya suka zauna a inuwa, Kawu ya buɗe kula. Ya ci nasa, ya tura wa yaron sauran, ya tafi alwala.

Yaron ya ci loma kaɗan. Sai ya tsaya yana tunani. “Gobe ina wata ƙasa. Wa ya san irin abincin da suke ci? Gara in ajiye na gida.”

Ya juye shinkafar a leda. Ya ƙulle bakinta. Ya cusa ta can ƙasan jakarsa.

Da Kawu ya dawo ya ce, “Har ka cinye?”

“Na cinye, Kawu.”

Suka tsallaka iyaka, suka isa Maraɗi da yamma. Yaron ya yi mamaki. Mutane Hausa suke yi, sai dai wasu kalmomin daban. Wani abokin Kawu ya sauke su a gidansa. Aka kawo tuwo. Yaron ya ce ya ƙoshi, ya ci burodi kawai.

Da gari ya waye suka nufi Madarunfa don su ga tafki. Mota ta sauke su a hanya, suka ci gaba da ƙafa. Rana ta buɗe sosai. Jakar ta yi zafi a bayan yaron.

Kafin azahar suka isa wani ɗan ƙauye. A gindin wata bishiya akwai wata dattijuwa tana sayar da ɗan wake. Sunanta Inna Sa'a.

Ta ce, “Sannunku da zuwa. Daga ina?”

Kawu ya ce, “Daga Kankiya, Inna, ƙasar Katsina.”

“Kai, kun sha hanya! Ku zauna. Baƙo ba ya sayen abinci a wurina ranar da ya iso.”

Ta zuba musu ɗan wake kwano biyu, da man gyaɗa da yaji. Kawu ya cinye nasa, ya yi godiya. Yaron ya ci guda biyu, ya ture kwanon.

Inna Sa'a ta ce, “Ɗana, bai yi maka daɗi ba?”

Ya ce, “Ba na jin yunwa.” Ko godiya bai yi ba.

Bayan sallar azahar, Kawu ya zauna hira da mutanen ƙauyen. Yaron ya zagaya bayan masallaci. Yunwa ta dame shi. Ya ciro ledarsa ya kwance.

Wani tsami ya bugi hancinsa. Shinkafar ta yi yauƙi. Miyar ta yi kumfa-kumfa.

Ya tuna maganar innarsa. Amma sai ya ce a ransa, “Ai girkin gida ne. Ba abin da zai yi mini.” Ya toshe hanci ya ci fiye da rabi. Ya jefa sauran a cikin ciyawa.

Kafin la'asar cikinsa ya fara murɗawa. Ya ɓoye wa Kawu. Can sai amai ya zo. Bayan amai sai gudawa. Ya je bayan gida sau huɗu. A na biyar ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa.

Kawu ya rikice. Ya ɗauke shi a kafaɗa yana cewa, “Jama'a, ina asibiti a nan?”

Inna Sa'a ta bar tukunyarta ta zo da gudu. Ta shimfiɗa tabarma a inuwa. Ta ɗebo ruwan da ta tafasa, ta sa gishiri kaɗan da sukari. Ta riƙa ba shi da cokali.

Tana cewa, “Sha kaɗan-kaɗan, ɗana. Kada ka ji tsoro.”

Ta aika aka kira mijinta, Malam Kabo, daga gona. Da ya ga idanun yaron sun faɗa, bai yi dogon bayani ba. Ya ɗaura wa shanunsa amalanke.

Ya ce, “Asibiti yana garin gaba. Ku hau mu tahi.”

Inna Sa'a ta hau tare da su. Ta ɗora kan yaron a cinyarta. Ta kare masa rana da gyalenta har suka isa.

A asibitin akwai wata ma'aikaciyar jinya, Malama Fiddausi. Ta duba idonsa da harshensa. Ta ce ruwan jikinsa ya ragu ƙwarai. Nan da nan ta sa masa ƙarin ruwa.

Sannan ta tambayi Kawu, “Me ya ci yau?”

Kawu ya ce, “Shayi da safe. Sai ɗan waken wannan baiwar Allah. Ni ma na ci, amma lafiyata ƙalau.”

Malama Fiddausi ta ce, “Wannan ciwon daga abinci ne. In ɗan waken ne, dole a aika ƙauye. A gaya wa duk wanda ya ci. A daina sayarwa sai mun bincika.”

Inna Sa'a ta dafe ƙirji. Hawaye suka zubo mata.

Ta ce, “Shekara goma sha biyar ina wannan sana'a. Ban taɓa cutar da ɗan kowa ba. Yau ga ɗan baƙo a kwance saboda ni. Malam, koma ka zubar da tukunyar duka.”

Malam Kabo ya miƙe zai fita.

Yaron yana jin komai. Ya dubi Inna Sa'a. Tana kuka, amma hannunta bai daina yi masa fifita ba. Kunya ta kama shi. Ya ji ta fi ciwon cikin zafi.

Ya ce wa Malam Kabo a hankali, “Baba, kada ka tafi.”

Kowa ya juyo.

“Ba ɗan waken Inna ba ne. Shinkafar jiya ce. Ban cinye ba, Kawu. Ɓoyewa na yi a jaka. Ta yi tsami, amma na ci.”

Kawu ya buɗe baki. “Shinkafar Jibiya? Mai miyar kifi?”

“Ita ce. Tsoron abincin nan nake yi. Ku yafe mini.” Sai ya fashe da kuka.

Malama Fiddausi ta ce, “To, yanzu na san abin da nake magani. Da ka faɗa tun farko, da ba a wahalar da wannan dattijuwa ba.”

Kawu ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Inna, ki yi haƙuri. Mun jawo miki ɓacin rai.”

Inna Sa'a ta share hawayenta. Ta shafa kan yaron. Ta ce, “Ba komai. Yaro ne. Tun da ya faɗi gaskiya, magana ta ƙare. Allah dai ya ba shi lahiya.”

A asibitin suka kwana. Da safe amai ya tsaya. Inna Sa'a ta dawo da kunun gero mai ɗumi. Yaron ya karɓa da hannu biyu. Ya sha, ya sha, har ya ga ƙasan kofin.

Ya ce, “Inna, da saura?”

Duk suka yi dariya. Malam Kabo ya ce, “Alhamdu lillahi, baƙonmu ya tashi.”

Malama Fiddausi ta sallame su da rana. Ta ba shi magani. Ta ce ya riƙa shan ruwa mai tsabta, ya riƙa wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Malam Kabo bai bar su sun wuce ba. Ya ce sai yaron ya yi ƙarfi. Suka yi kwana biyu a gidansa. Yaron ya ci tuwon dawa, ya sha fura. Ya tarar abincinsu ba shi da bambanci da na Kankiya. A rana ta uku Malam Kabo ya kai su bakin tafki da kansa. Yaron ya ga masunta da jiragen ruwa, ya ga tsuntsaye masu dogon wuya.

Da za su rabu, yaron ya durƙusa a gaban Inna Sa'a. Ya ce, “Inna, na gode. Na ture abincinki, amma ke ba ki ture ni ba.”

Ta ce, “Tashi, ɗana. Ka gaida innarka. Ka ce mata tana da 'yar'uwa a nan.”

Da suka koma Kankiya, yaron bai jira Kawu ya ba da labari ba. Shi ya faɗa wa Inna da Baba komai da bakinsa.

Inna ta rungume shi. Ta ce, “Ka ga abin da nake gudar maka? Allah ya saka wa mutanen nan da alheri.”

Baba ya ce, “Amin. Bayan damina ni da kaina zan je in yi musu godiya.”

Da aka koma makaranta, Malama Safiyya, malamar ajinsu, ta ce kowa ya faɗi abin da ya koya a hutu. Yaron ya ɗaga hannu. Ya ba da labarinsa daga farko har ƙarshe. Bai ɓoye laifinsa ba.

Malama ta ce, “To, me ka koya?”

Ya ce, “Na koyi cewa abincin da ya yi tsami cuta ne, ko wa ya dafa shi. Kuma in na yi kuskure in faɗa da wuri, kada a ɗora wa wani laifina.”

“Shi ke nan?”

Ya ce, “Kada in raina mutanen da ban sani ba. Su ne suka cece ni.”

Malama Safiyya ta ce, “Kun ji, yara. Ku kula da abin da kuke ci. Ku faɗi gaskiya ko da kuna jin kunya. Kuma duk wanda ya yi muku alheri, ku gode masa.”

Yara suka tafa masa. Yaron ya zauna yana murmushi, yana gode wa Allah da ya dawo da shi gida lafiya.