Bai Sake Tambaya Ba

"A'a, na gode," na ce, ina juya cokali a kofin shayi kamar ban damu ba.

Dogo, abokin karatunmu, ya ɗan sunkuyar da kai.

"To, ba komai. Ki yi haƙuri na tsayar da ke."

Ya koma zauren lacca. Ni kuwa tun ranar da aka buɗe taron nan na horar da masu bincike nake jiran tambayar. Cewa kawai ya yi, ko zan yarda mu zauna a lambun otal bayan darasi mu san juna.

A ɗaki na ba 'Yar Gayu, wadda aka haɗa mu masauki, labari.

"Kin yi daidai! Namiji sai da jan aji. Gobe za ki gan shi da gudu."

Antina ma haka ta ce a waya.

"Kada ki zubar mana da mutunci. Mace ba ta amsawa a karon farko, sai ya yi sintiri!"

Gobe ta zo, bai dawo ba.

Jibi ma shiru...

Da ma fushi ya yi, da abin ya zo mini da sauƙi. Kullum sai ya gaishe ni da fara'a. Ranar da kwamfutata ta ƙi buɗe aikin da aka ba mu, gefe ya tsaya, hannuwansa a baya, yana faɗa mini inda zan danna, ko kujerata bai taɓa ba. Ya gama ya tafi, ya bar ni da ƙanshin turarensa. Na bi shi da ido har sai da malami ya maimaita mini tambaya.

Ban gane dalilinsa ba sai ranar da aka sallami wani Dakta daga taron. Ya addabi wata ƙaramar ɗaliba, ta ce ba ta so, ya ci gaba da turo mata saƙo, yana tare ta a matakala. Shugabar taron ta tsaya gaban allo, fuska ba wasa.

"Duk kun sa hannu a ƙa'idarmu. Wanda aka ce wa a'a, ya tsaya nan. Ba naci, ba 'ai kunya take ji'."

Muka tafa. Ni na fi kowa, don na san yadda naci yake sa mace ta tsani fitowa daga ɗakinta. Ina cikin tafin idona ya sauka kan Dogo, sai na daina tafin.

Ashe bawan Allah maganata ya ɗauka da gaske!

Kafin in farga, 'Yar Gayu ta mayar da kujerarta kusa da tasa.

"Ba ke kika ce in ja aji ba?"

"Shawara ce, ƙawata, ba dole ba," ta ce tana gyara ɗaurin ɗankwali. "Ni dai ban iya wasa da arziki ba."

Da la'asar sai in tsaya a taga ina kallon lambun, ina jin haushin kaina. Son shi nake, so mai hana cin abinci, kuma ni na rufe ƙofar da bakina.

Ranar rufe taro, ana ta loda kaya a bas, Anti ta sake kira.

"Ki bari ya zo da ƙafarsa!"

"Anti, ba zai zo ba. Kuma shi ya sa nake son shi."

Na kashe wayar. Na je na same shi yana tura jakarsa a bayan mota.

"Malam Dogo..."

"Na'am, 'yar'uwa."

'Yar'uwa! Kamar ya watsa mini ruwan zafi.

"Rannan... ba gaskiya na faɗa maka ba."

Ya daina tura jakar.

"Na yi ta fatan haka," ya ce a hankali. "Amma fatana ba izininki ba ne. Da na dawo, da me na bambanta da wanda aka kora?"

"To yanzu ni nake tambaya. Za ka saurare ni?"

Direba ya danna hon. 'Yar Gayu ta leƙo ta taga.

"Dogo, ga kujera na kama maka!"

Bai ko waiwaya ba. Ya jawo jakarsa waje.

"Direba, ku tafi, Allah ya kiyaye hanya." Sai ya dube ni, idonsa ya yi ja. "Kin san wahalar da kika ba ni kuwa, masoyiya?"

"Ni ma na sha ta..."

Motar ta tashi. Ina ƙarƙashin rumfa ina share hawaye, shi yana tsaye cikin rana, rungume da jaka, har gumi ya jiƙa masa riga.

Na yi dariya cikin kuka.

"Ka matso mana, inuwar ta ishe mu."

Sannan ya matso.