Wanda Ya Biyo Faifansa

Wendell ya ciro faifan manhaja daga cikin tsohuwar kwamfutarsa, ya dasa a sabuwar kwamfutar da ya haɗa, ya wurgar da tsohuwar bakin titi cikin ƙanƙara. Sabuwar kwamfutar ta ƙi kunnuwa. Yana ta zaginta har duhu ya shiga, sai aka buga ƙofa.

Wani dattijo ne mai warin ƙonanniyar ƙura.

"Mayar da abin da ka cire," in ji shi.

"Uban wa ya aiko ka? Ɓace min da gani."

Dattijon bai motsa ba. Daga ƙirjinsa wata ƙara ke fitowa, kar-kar-kar, irin ta karyayyar fankar tsohuwar kwamfutar, wadda Wendell ya yi shekaru yana dukanta don ta yi shiru.