Hoton Rudun Malam Ɗantani

Ranar da Tasi'u ya fara ganin Mufida, yana tsaye ne a bakin rudun mahaifinta a Lambara, sikeli rataye a kafaɗa. Rudu dai rumfar kara ce da manoma ke ajiye albasa a ciki har ta yi daraja. Shi Tasi'u ɗan Bodinga ne, ya karanta aikin gona, yana da shafi a intanet. Hujja ya zo tarawa kafin ya yi rubutu kan yadda rudu ke riƙe albasa.

Ta fito kai wa Babanta fura, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, albasa kaz zo aunawa ko mutane?"

Bawan Allah sai murmushi.

Mahaifinta, Malam Ɗantani, ya ba shi izini. Duk Asabar sai ya zo ya auna, ita kuma ta rubuta masa a littafi, don rubutunsa ko shi kansa ba ya iya karantawa. Kafin wata ya cika, saƙonni sun fara yawo.

"Mai Sikeli, ka isa lafiya? Ka mance bironka."

"Na iso, Mufina. Riƙe shi, ai ba shi kaɗai na baro wurinki ba."

Kaico, gaggawa! Wata Asabar ya tarar da tulin ruɓaɓɓiyar albasa a bayan rudun, ba kowa a wurin. Ya ɗauki hoto, ya ɗora a shafinsa tun kafin ya gama bincike, ya rubuta: "Ga abin da rudu ke yi wa albasa a wata ɗaya, gonar Malam Ɗantani." Da ya tambayi ko mutum ɗaya, da ya ji cewa maƙwabta biyar ne ke zubar da tasu ruɓaɓɓiyar a nan, Malam yana haɗa taki da ita.

Bashar, wani dillalin albasa da ya taɓa neman Mufida ta ƙi shi, ya samu abin da yake so. Ya bi kasuwar Shagari yana nuna hoton rumfa rumfa. Masu saye suka riƙa wuce buhunan Malam ko taɓawa ba sa yi.

Da Tasi'u ya zo ban haƙuri, tsohon bai ɗaga murya ba.

"Shekara talatin ba a taɓa maido mani buhu ba. Na buɗe maka ruduna, kai ko ka ɓata mani suna. Yaro, kak ka sake tako gidan ga, kuma ka fita hanyar ɗiyata."

Saƙonta ya riske shi a cikin mota.

"Mi ya hana ka tambaye ni? Kalma guda ta isa. Baba ya daina fita kasuwa. Ina sonka, amma ba ni iya duban idonshi in ambaci sunanka."

Ya yi kuka, wallahi ya yi. Ya goge hoton, amma ina, ya riga ya shiga wayoyin mutane.

Sai ya koma farko. Wata biyar yana bin rudu goma sha biyu daga Lambara zuwa Sifawa, ruwa da rana, yana aunawa, yana naɗar muryar masu su. Maƙwabtan nan biyar kowa ya faɗi da bakinsa cewa tulin nasu ne. Albasar rudun Malam kuwa Mufida ce ta ci gaba da aunawa da izinin Innarta, tana turo masa lambobi tsura, ba ko gaisuwa. Wannan shi ya fi komai ci masa rai.

Da aka haɗa komai, rudun Malam Ɗantani ne ya fi kowanne ƙarancin asara.

Sai dai kafin rubutun ya fita, hawan jini ya kwantar da tsohon. Mufida ta durƙusa gefen shimfiɗarsa da waya, ta karanta masa tun daga layin farko: "Na yi wa wani dattijo ƙazafi saboda ban tambaya ba. Ga shaidar da ya kamata in tara tun farko."

Hawaye suka bi gefen fuskar Malam.

"Mutanen kasuwa sun jiya?"

"Sun ji, Baba. Jiya anka karanta shi a rumfar dillalai."

Ya sa aka kira ƙanensa Muhammadu. "In yaron nan ya turo magabatanshi, ka ba shi. Ya yi laifi, amma ya san hanyar gyara."

Kwana tara bayan haka Allah Ya karɓi abinsa.

Bayan Inna ta fita takaba aka ɗaura aure, Baffa Muhammadu ne waliyyi. Ba kiɗa, ba taro mai yawa. Da aka zo tafiya da amarya Bodinga, Inna ta riƙe hannuwansu biyu.

"Allah Shi yi maku albarka, Shi ba ku zuri'a ta gari, Shi jiƙan wanda yab ba da auren ga."

Tasi'u ya durƙusa. "Inna, ban samu na roƙe shi gafara ido da ido ba."

Mufida ta ɗaga mayafinta kaɗan, idanunta jajur.

"Ya yafe maka, mijina. Sau ukku yas sa na sake karanta mashi, kuma duk inda kac ce ka yi kuskure sai ya ce, Allah Sarki, ɗana."