Bindigar da Ta Ƙi Tsawa a Kabarin Eulalio

Da safe aka tsinci gawar Eulalio Padilla, dillalin shanu, a garkensa da ke bayan garin San Esteban. Likita ya ciro harsashi daga bayan kunnensa, ɗan ƙarami, lamba ashirin da biyu. Mazan garinmu kuwa ƙaramar bindigar hannu, libarba lamba talatin da takwas, suke ɗauka. Mai doguwar bindiga ta ƙaramin harsashi mutum ɗaya ne, ɗana Nicanor, kuma kowa ya ji faɗansa da Eulalio kan shinge.

Saje Zelaya ya kulle Nicanor, ya ce mini, "Don Tiburcio, mu biyu ne a ofis. Da an binne gawa gobe, 'yan'uwan mamacin za su zo ɗaukar fansa. Ba zan iya tare su ba."

Ni Tiburcio ban iya karatu ba, amma harsashi uku na ɗauka a jikina, ambaliya ta ci gidana na fita da alfadarina. Ɗa ɗaya ya rage mini.

Na tafi wajen Doña Chabela mai wankan gawa.

"Uwata, yaya raunin?"

"Gashin wurin ya babbake, tsoho."

Daga kusa ke nan. Eulalio ba zai bar Nicanor ya matso bayansa da doguwar bindiga ba. Wanda ya yarda da shi ne.

Na tare Mincho mahauci, wanda shi da Eulalio suka taɓa zare wa juna adda.

"Ina ka kwana?"

"A ɗakin Saje, a buge. Tambaye shi."

Haka ne kuwa. Na wuce kantin Lencho.

"Wa ke sayen ƙananan harsasai?"

"Ɗanka. Sai Fausto, ƙanen mamacin."

"Fausto ba shi da doguwa."

"Ni ciniki nake yi, Baba, ba limanci ba."

Nan na tuna abin da na gani zamanin yaƙin kan iyaka: siririn bututu da ake zura wa libarba, ta riƙa cin ƙaramin harsashi mai araha, don koyon saiti. Amma da me zan nuna? Saje ya ce ba ya binciken ɗan gidan Padilla kan tunanin tsoho.

A wurinmu, in an saka namiji a kabari, danginsa maza sai sun harba sama, kowa da tasa. Washegari a bakin kabari, Rogelio, babban wan su Eulalio da Fausto, ya harba, ƙasa ta amsa. Kawunnai suka harba. Fausto ya tsaya, hula a ƙirji, libarbar ubansu mai ƙotar azurfa a ƙugunsa.

Na matsa har gabansa.

"Fausto, ɗana, yayan naka bai isa harsashi ɗaya ba?"

"Hannuna na rawa, Don Tiburcio."

"Sama ba ta da ƙanƙanta, ba za ka kuskure ta ba."

Rogelio ya juyo. "Harba mana."

"Yaya, bari sai..."

"Na ce ka harba. Ko ka ba ni."

Fausto ya ɗaga ta, ya danna. Tas, kamar an karya kara.

Na ce, "Rogelio, dubi bakinta. Ga sawun filaya nan, ya sha faman cire bututun, amma ya maƙale. Ba zai iya jefar da ita ba, don duk garin nan ya san bindigar ubanku, zuwa kabari babu ita tambaya ce. Ya sa mata ƙaramin harsashi don a nemi mai doguwar bindiga, ya manta akwai ranar da dole ta yi magana."

Fausto ya durƙusa. "Zai sayar da makiyayar Baba, Yaya. Har ya kawo masu saye."

Rogelio ya ɗana bindigarsa, ya auna Fausto. Uwarsu ta shiga tsakani, ta dafa bakin bindigar da tafin hannu, ta ce,

"Rami ɗaya na haƙa yau."

Saje ya sa wa Fausto ankwa, ya miƙo mini mabuɗin ɗakin da ɗana yake.

Da na buɗe, Nicanor na maƙure a lungu, ya rufe kai da hannuwa, ya zaci dangin Eulalio ne.

"Tashi," na ce. "Ubanka ne."