Direban da Ya Ji Ƙwas-ƙwas

A can wani zamani an yi wani direba mai tsohuwar mota. Ran nan ya ɗauko wata tsohuwa da kwanukanta da akuyarta, za ta sunan jikanta a ƙauye.

Suna cikin tafiya sai ya ji ƙwas-ƙwas daga baya. Ya tsaya.

Tsohuwa ta ce, "Kwanukana ne, ɗan nan. Mu tafi, kada a yanka rago ba ni."

Ya ce, "To Iya, riƙe su mu ji." Ta rungume kwanuka, ya ja mota. Ƙwas-ƙwas!

Ta ce, "Akuya ce ke buga kofato."

Ya ce, "To Iya, riƙe ta mu ji." Ta rungume akuya, ya ja mota. Ƙwas-ƙwas!

Sai ya sauka, ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa. Ashe notocin tayar baya ne suka kwance, saura ƙiris ta fice. Ya ɗaure su tamau, ya ja mota. Shiru.

Ya ce, "Iya, a mai da akuya baya?"

Ta ce, "Bar ta nan, ɗan nan. Ni ma yanzu saurare nake."

Haka suka shiga ƙauyen, akuya a cinya, ba a ko kayar da ragon ba.