Rigar Da Ba Tata Ba

"Ki sa shuɗiyar nan mana, ai ba ta mutu ba," Inna ta ce tana yayyafa wa kaya ruwa.

Auta ta turo baki. "Haba Inna, rigar bara? So kike 'yan ajinmu su mayar da ni abin dariya?"

A gida Auta ce, 'yar mai wanki da guga. A makaranta kuwa Gimbiya ake ce mata, saboda kullum yunifom ɗinta a tsaye yake ƙyam, karin guga kamar ya yanki hannu. 'Yan aji suka yanke da kansu cewa lallai gidansu akwai 'yan aiki. Ita kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai ta koyi yatsina da kallon mutane sama da ƙasa. Yanzu ga fatin 'yan aji shida ya zo, kowa zai sa kayan gida, kuma Kyaftin, shugaban 'yan ƙwallon makaranta, wanda 'yan mata ke tuntuɓe idan ya gifta, ya ce kusa da ita zai zauna. Sonsa take kamar ranta. Ta riga ta sa wa zuciyarta cewa ranar da ya san sana'ar ubanta, ranar za ta rasa shi.

Baba ba ya rubutu, amma yana da tsarinsa: kowane gida da launin zarensa, yakan ɗan ɗinka shi a bakin riga ta ciki don kada kaya su cakuɗe. Ranar fati, yana fita kai kaya, Auta ta zare wata doguwar riga ruwan zuma daga cikin gogaggun, ta cusa a jaka. Ta ga jan zare a jiki, ko a jikinta. Awa uku ce kawai, ta dawo da ita.

Ai kuwa ta haska. Ƙawaye suka yanyame ta da wayoyi ana ta selfi.

"Gimbiya, wannan daga waje ce ko?"

"Dadi ne ya yo min tsaraba," ta ce tana juya ido. Wata mai tsohon takalmi ta matso, Auta ta ce, "Ɗan matsa don Allah, kina ɓata mana hoto."

Ana cikin haka yayar Kyaftin ta zo ɗaukarsa. Ta tsaya cak, ta ƙura wa rigar ido, ta tako har gaban Auta, ta kama bakin rigar ta juya shi.

"Jan zare. Rigata ce wannan, shekaranjiya aka kai wa mai guga. Ke 'yarsa ce ko ɓarauniya?"

"Duka biyun!" wani ya faɗa daga baya, ɗakin ya ɗauki dariya. Wayoyin nan dai ba a sauke su ba.

Da ƙafa ta koma gida tana kuka, ta tarar motar yayar ta riga ta isa. Ga Baba durƙushe, da furfurarsa, yana ba yarinyar da a haife ya haife ta haƙuri. Yayar ta sa aka kwashe kayan gidansu har da jiƙaƙƙun kan igiya. Kafin mako ya zagayo gida huɗu sun janye nasu.

Baba bai dake ta ba, da ma ya dake tan da ya fi mata sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Shekara ashirin ko maɓalli bai taɓa ɓata a hannuna ba. Auta, sana'ar kike jin kunya, ko ni?"



Ranar Asabar Kyaftin ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa. Ta fito idanu a kumbure.

"To, ka ga gidan Gimbiya," ta ce. "Yi dariyarka ka tafi."

"Tun muna aji huɗu na san gidan nan," ya ce a hankali. "Na taɓa kawo kaya, na hango ki kina fifita wa Baba gawayi, kina ba shi labari yana ta dariya. Wannan yarinyar na so. Kullum jira nake ki faɗa min da bakinki."

"Ka sani... kuma ka zauna da ni?"

"Mama ma ta sani, ba ta taɓa hana ni ba. Yanzu ne ta ce in fita harkarki. Ta ce wadda ta iya musanta ubanta a gaban jama'a, ba wanda ba za ta musanta ba. Na roƙe ta har na gaji, kuma ba zan saɓa mata ba."

Ya juya ya tafi, bai waiwayo ba.

Auta ta sulale a jikin ƙofa tana kuka mai cin rai. 'Yan mata, ku ji da kyau: talaucin gidanku ba shi ke korar mai son ku da gaskiya ba, ƙaryar da kuka lulluɓe shi da ita ce. Shekara uku tana ɓoye abin da saboda shi aka so ta.

Daga ciki ta ji muryar Baba yana ce wa Inna, "Kashe gawayin nan kawai, yau ma babu abin gogewa."